Yarana suna ci a atisaye, amma ranar gasa fenariti na gagarar su

Assalamu alaikum. Ina horar da matasa 'yan ƙasa da shekara 17 a Agege, nan Legas, kuma abin nan ya fara hana ni barci.

Sau uku ke nan a bana ana fitar da mu a bugun fenariti. A atisaye ba su da matsala, kyaftin ɗinmu sai ya buga goma ya ci tara. Amma da zarar 'yan kallo sun zagaye fili ana ihu da Yarbanci da Hausa, sai jikinsu ya yi sanyi. Ranar Asabar na zuba masa ido: ya ajiye ƙwallo hannunsa na rawa, bai ko ja numfashi ba, alƙalin wasa na busa usur ya ruga ya ɗirka ta sama da raga. Mita 11 ce fa kacal. Nan ya durƙusa yana kuka.

Na sa su bugawa kullum bayan sun gaji liƙis. Na tara samarin unguwa suna yi musu ihu a bayan raga. Na sauya jerin masu bugawa. Da na yi faɗa kuwa abin sai ya ƙara dagulewa, yanzu mutum biyu sun ce kada in sake saka su. Har labarin Kanu na ba su, yadda ya ɓarar da tasa a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka da Najeriya ta buga da Kamaru a Surulere a 2000, amma bai ratsa su ba.

Saura mako biyu mu sake fita gasa. Don Allah masu horarwa, wane takamaiman abu kuke koya wa yaro ya yi tsakanin busa usur da bugun ƙwallo, don hankalinsa ya dawo jikinsa?