Kyaftin Burgu zai iya tare hanya a sama? Muhawara a zauren masu zanen katun na Gombe

Adda Hauwa: Assalamu alaikum. Kafin a taɓa zanen kashi na uku, ga abin da ya raba kanmu. A rubutun Sadiƙ, Kyaftin Burgu ya hango kumbon dakon kaya a gabansa, ya ba kumbonsa Shirwa wuta, ya sha gabansa cikin daƙiƙa 40, ya faɗa ciki, ya saɓo adakar zinariya a kafaɗa ya fito, alkyabbarsa tana kaɗawa. Injiniya ya ce babu ko ɗaya a ciki da zai yiwu, a sake rubutu. Sadiƙ ya ce katun ba ajin kimiyya ba ne. Kowa ya kawo hujjarsa, ban da baƙar magana.

Injiniya Bappa: Wa alaikumus salam. Mu fara da ba wuta. Kumbon da ke zagaya duniya a nisan kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) take, yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, yana gama zagaye cikin minti 92 ko kusa da haka. Idan wani yana gabanka a layi ɗaya ka ƙara gudu zuwa wajensa, falakinka ne zai ɗaga sama. Wanda ke sama kuwa hanyarsa ta fi tsawo, tafiyarsa ta fi nawa, sai ka ga abin da kake bi yana ƙara yi maka nisa. An gwada. A watan Yunin 1965 James McDivitt, cikin kumbon Gemini 4, ya nufi gangar rokar da ta kawo shi kai tsaye kamar mai tuƙa jirgin yaƙi. Ya ƙona mai da yawa, bai cim mata ba, aka ce ya haƙura. Sai a Disamban shekarar Gemini 6 ya matso kusa da Gemini 7, bayan an bi lissafi.

Sadiƙ Jekadafari: Baffa, da girmanka, yaron da ke kallo a waya a Bolari bai san McDivitt ba. Abin da ya sani shi ne mai gudu a bi shi da gudu. Ka ce masa jarumi ya taka birki don ya kamo na gaba, zai ce mun sha wani abu.

Injiniya Bappa: Ai nan daɗin yake, ɗana. Ga yadda ake yi. Ka juya bakin injin gaba ka hura kaɗan, ka sauka ƙasa da shi. Idan ka zauna kilomita 10 a ƙarƙashinsa, kowane zagaye kana cin tazarar kusan kilomita 94. Tazara irin ta Gombe zuwa Bauchi, kilomita 150 da 'yan kai, za ta ci maka wajen awa biyu da rabi, kusan abin da motar haya ke ci a titi. Da ka iso sai ka hura ka hau layinsa, ka ƙarasa da saurin da bai wuce santimita 10 a daƙiƙa ba. Wannan ma sai kuna kan faifan falaki ɗaya. Idan nasa ya karkace da naka, kowane digiri ɗaya na gyara zai ci maka canjin gudu na mita 134 a daƙiƙa. Digiri 60 zai ci daidai da dukan gudun da kake yi, wato babu tankin da zai ɗauka. Ɗan fashin sama ba ya tare hanya yadda ya ga dama. Sai ya san jadawalin kumbon tun makonni kafin ranar.

Maryam Tumfure: Ni ba ruwana da wanda ya fi gaskiya, lissafin zane nake yi. Daƙiƙa 40 a firam 24 firam 960 ke nan. Ko mun riƙe kowane zane firam biyu, zane 480 ne, kuma tsere ne, kumbo biyu suna juyi, babu inda za a maimaita. Mu huɗu ne masu zane. Idan kowa ya gama zane 8 a rana har da tsabtace layi da fenti, kwana 15 ke nan a kan fitowa ɗaya. Salon Injiniya kuwa, Shirwa na lallaɓowa daga ƙasa: zanen kumbo ɗaya, zanen duniya ɗaya, shimfiɗar taurari biyu, sai kyamara ta ja su da sauri daban-daban. Kwana uku ya isa, sauran ƙarfin mu zuba a fuskar Burgu.

Sadiƙ Jekadafari: To kin ga, araha kike nema, ba labari ba. Arha ba ta ado.

Maryam Tumfure: Yaya Sadiƙ, wanne ya fi tayar da hankali, mai ihu da gudu ko wanda ya kashe fitila yana matsowa taku-taku mutanen ciki suna cin abinci? Sunan kumbon ma Shirwa. Shirwa sai ta daɗe tana shawagi kafin ta kai sura.

Hamma Usman: Zan tsaya wa Sadiƙ a wuri ɗaya. Ba dole ba ne katun ya bi dokar duniyarmu, dole ne dai ya bi dokar da ya kafa wa kansa. Fim ɗin Treasure Planet na Disney, na 2002, ya cika sararinsa da iskar da ake shaƙa, shi ya sa mutane ke tsayawa a kan jirgi mai filafilai babu kwalkwali, kuma ba wanda ya ce ƙarya ne, don tun farko aka nuna haka. Matsalarmu ita ce a kashi na ɗaya mun riga mun nuna Burgu yana duba ma'aunin iskar rigarsa, ya kusa shaƙewa. Mun faɗa wa mai kallo babu iska. Yanzu kuma alkyabba tana kaɗawa. Wace iska ke kaɗa ta?

Sadiƙ Jekadafari: Alkyabbar nan ba za a cire ta ba. Ku cika hoton Burgu da baƙi ku duba inuwarsa: in babu alkyabba da rawanin da ke kan kwalkwali, ba a bambanta shi da kowane ɗan sama jannati.

Maryam Tumfure: Ba sai an cire ba. A manhajar zane ta Blender a kashe maganaɗisun ƙasa na fitowar gaba ɗaya, wanda yake 9.81 zuwa ƙasa, kada a sa iska ko kaɗan. Ƙyallen zai bi motsin jikinsa kawai: ya juya, ta biyo shi a makare, ta wuce shi, ta naɗe masa kafaɗa. Inda ake samun matsala, idan ka mai da jan iskar ƙyalle sifili don neman gaskiya, ba ta taɓa natsuwa, tana ta murɗewa har ta huda jikinsa ta fito ta gaba. A bar ɗan kaɗan, a ƙara matakan lissafin karo, a kafe layin wuya. Kuma don Allah a fitar da aikin hoto-hoto na PNG, kada a fitar da shi bidiyo kai tsaye. In aka ɗauke wuta a firam na 700, daga 701 za a ci gaba.

Injiniya Bappa: Na yarda da wannan. Saura adaka. Nawa ne girmanta a zanen?

Adda Hauwa: Santimita 60 a tsawo, 40 a faɗi, 30 a zurfi.

Injiniya Bappa: Lita 72 ke nan. Lita ɗaya ta zinariya kilo 19.3 ce. In curi ɗaya ce, kilo 1,390. Tsabar sulalla ce da gurabe a tsakani, mu ce kilo 900.

Sadiƙ Jekadafari: A sama babu nauyi, Baffa. Wannan kam ko ɗan firamare ya sani.

Injiniya Bappa: Ba ta danna kafaɗarsa, gaskiya ne, amma jikinta yana nan, taurin kanta yana nan. Mu ce Burgu da rigarsa kilo 150. In ya tura adakar ba tare da ya kafe ƙafa ba, shi ne zai yi baya da saurin da ya ninka nata sau shida. In kuma ta fara tafiya, tsayar da ita sai da ƙarfin da aka tayar da ita. Ta same shi tsakaninta da bango, ta murƙushe shi a hankali, kamar a ce buhun siminti 18 ne suka taho a jere. Sai ya saka ƙafa a maɗauri, ya ɗaura mata igiya biyu, ɗaya ta ja ɗaya ta birki.

Hamma Usman: Wannan ai kyauta ce ga mai sauti. A waje shiru, sai numfashinsa da ƙarar rediyo cikin kwalkwali. Da adakar ta taɓa bangon da yake riƙe da shi, sai a ji dum mai zurfi ta cikin ƙarfe da safar hannu. Haske kuma fitila ɗaya mai kaifi a matsayin rana, da ɗan shuɗi daga ɓangaren duniya don kada rabin fuskarsa ya ɓace a allon ƙaramar waya.

Malam Yerima: Ku gafarce ni, ina da tambayar da ta fi adaka. Wa ya kai zinariya sama, don me? Ana kashe dukiya a ɗaga kowane kilo. Kuma kada a ce daga duwatsun falaki aka haƙo ta curi-curi. Dutsen falaki Psyche, wanda NASA ta aika wa kumbo a Oktoban 2023 da sa ran isa a 2029, ana hasashen ƙarfe da nikel ne gauraye da dutse, masu tsadar kuwa giram kaɗan ne a cikin tan. Ku dubi abin da aka taɓa kawowa: kumbon Hayabusa2 na Japan ya dawo da giram 5.4 daga dutsen Ryugu a 2020, OSIRIS-REx ya kawo giram 121.6 daga dutsen Bennu a 2023, bayan shekara bakwai da tashinsa. Dukiyar da mutum zai yi kasada a kanta a can ruwa ne. A sha, a raba shi a sami iskar shaƙa da man roka. Tashar ISS tana sake tace kashi 98 cikin ɗari na ruwanta, har gumi da fitsari. A 2009 kuma aka tabbatar da ruwa a ramin Cabeus, kusa da ƙuryar kudancin wata.

Sadiƙ Jekadafari: Malam, kana so in zana ɗan fashi yana gudu da jarka kamar ɗan garuwa?

Malam Yerima: Duk wanda ya ga layin jarkoki a Gombe cikin watan Maris zai gane darajar abin kafin ka buɗe baki. Zinariyar ce sai ka yi masa bayani. Sannan akwai abin da ba mu faɗa ba. A Arewar yau, mutum mai tare hanya ya ƙwace kayan matafiya ba abin dariya ba ne, kuma yara za mu nuna wa. In Burgu mai farautar abin da aka yasar ne, an rage wannan nauyin. An ma taɓa yi: a Nuwamban 1984 'yan sama jannatin kumbon Discovery suka kamo taurarin ɗan adam biyu da suka ɓata hanya, Palapa B2 da Westar 6, suka dawo da su ƙasa, aka gyara aka sake harba su.

Adda Hauwa: Ke nan ya tashi daga ɗan fashi ya koma ɗan gwangwan.

Malam Yerima: A idon doka bai tashi ba, Adda. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce abin da aka harba yana nan na mai shi, ko da abin ya daina aiki. Tauraron ɗan adam namu NigComSat-1, da aka harba a 2007 ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, wanda ya taɓa shi ba izini kayan Nijeriya ya taɓa. Ga rigimar da za ta riƙe kashi goma: shi yana cewa tsintuwa ce, hukuma tana cewa sata.

Sadiƙ Jekadafari: Tsintuwa da sata na karɓa, wannan ya fi abin da na rubuta. Lallaɓowa daga ƙasa ma na karɓa, da sharaɗin a sa agogo a gefen allo yana ƙirga iskar da ta rage masa, kuma yaron Burgu ya tambaye shi dalilin taka birki, ya amsa da jimla ɗaya. Amma zinariya tana nan. Yaro yana son abin da ke walƙiya in an buɗe murfi.

Injiniya Bappa: To ka ba shi walƙiyar gaskiya. Ana shafa zinariya siririya a gilashin kwalkwalin 'yan sama jannati da mahaɗan wayoyin lantarki. Madubin na'urar hangen sama ta James Webb mai faɗin mita 6.5 duk zinariyar da ke kansa ba ta kai giram 50 ba. Burgu ya kwashe wata shida yana kankarowa ya tara cikin gwangwanin madara.

Sadiƙ Jekadafari: Gwangwanin madara ba ya cika allo. Adaka nake so.

Maryam Tumfure: A bar masa adakarsa, a cika ta da ƙanƙara, hasken rana ya bugi murfin da aka shafa wa zinariya. Ni dai a faɗa mini kafin Asabar ko igiya biyu zan ɗaura mata ko kafaɗa, don ƙasusuwan motsin ba iri ɗaya ba ne.

Sadiƙ Jekadafari: Igiya biyu. Abin da ke cikin adakar kuwa ban sallama ba tukuna.

Adda Hauwa: Maryam, fara da igiya. Sadiƙ da Malam Yerima, kowa ya turo shafi ɗaya na fitowar buɗe murfi, ɗaya da zinariya ɗaya da ƙanƙara, ranar Alhamis bayan la'asar mu karanta su da murya.