Masu saye daga ƙananan manoma, yaya kuke yi da jinkirin biya?

Mai Awo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sayen kaya kai tsaye daga ƙungiyar ƙananan manoma ya faɗa mana abin da ya gani. Abin da ke damuna shi ne lokacin biya. Kamfaninmu ba ya sakin kuɗi sai an gwada ingancin kaya an cike takardu, wani lokaci har wata biyu. Dillali kuwa yana bakin gona da kuɗi a hannu. Farashinmu ya fi nasa, amma mai bashi a wuya ba zai jira mu ba. Idan muka zo ɗiba sai mu tarar an sayar da rabi, shugabannin kamfani su ce manoma sun karya alkawari. Ni ban ga laifinsu ba.

Uwar Ƙungiya: Wa alaikumus salam, Malam. Ina gefen masu sayarwa, ƙungiyar manoman koko. Wallahi abin da ka faɗa haka yake. Shekarar da mai saye ya ba mu wani kaso tun kafin girbi, muka riƙa biyan mamba a ranar da aka auna buhunsa, kusan babu wanda ya kai kaya waje. Ƙarin kuɗin da Fairtrade, ƙungiyar da ke ba da shaidar cinikin adalci, ke sa mai saye ya biya bayan farashin kaya, wanda aka ɗaga zuwa dala 240 kan tan a 2019, yana da amfani, da shi muka gyara rumbun ajiya bayan taron mambobi ya amince. Amma kuɗin gayya ne, kuma daga baya yake zuwa. Ba shi zai biya leburan da suka fasa koko yau ba.

Ɗan Taswira: Ni an turo ni auna gonaki saboda dokar Tarayyar Turai ta 2023, wadda ta hana shigar da koko, kofi, roba da sauransu kasuwanninta daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba, 2020. Kowace gona sai an ɗauki lambar wurinta da GPS. Wani dattijo ya zaga da ni iyakar gonarsa, itace bayan itace, babu takarda ko ɗaya. Ya tambaye ni ko wannan wahala za ta ƙara masa farashi. Na rasa amsa.

Mai Awo: Hajiya, wa ya ɗauki asara in girbi ya gaza bayan an ba da kuɗin?

Uwar Ƙungiya: An raba, kuma a rubuce tun farko. Mai sayen da ya ƙi wannan, sau ɗaya muka yi ciniki da shi.