Ina mai zane a Kano zai kai aikinsa jama'a su gani?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata rubutun allon shaguna ne da fentin bayan Keke Napep, da ita nake ci nake sha. Amma shekara huɗu ke nan, in na tashi daga shago na yi Isha'i, sai in shimfiɗa kanbas a tsakar ɗaki in yi zanen da raina ke so. Yanzu guda goma sha huɗu gare ni, kusan dukkansu a kan marinar Ƙofar Mata. Kakana marini ne. Har ya koma ga Allah shuɗin baba bai bar faratansa ba, kuma hannun nan nasa nake ta zanawa, wani lokaci yana matse turmi, wani lokaci yana riƙe da sandar motsa rijiya. A guda uku ma ainihin ruwan baba na roƙo a marina na shafa a yadin kafin in ɗora fenti.

Damuwata ita ce duk suna ƙarƙashin gado. Daminar bara laima ta cinye mini biyu, na ɗaga na tarar sun yi furfura, ranar ko abincin dare ban iya ci ba. Na sa hotunansu a Instagram, wani ya ce in kawo Legas, wai can ne ake da galari, wato gidajen baje kolin zane, da masu saye. Kuɗin mota da masauki kaɗai sun fi ƙarfina. Don Allah, a nan Arewa babu wani zaure ko ƙungiya da ke karɓar aikin irinmu da ba mu yi jami'a ba? Ba ma sayarwar ce ta fi damuna ba. So nake mutane su tsaya a gaban hannun kakana su kalla.

Tsohon Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya jiƙan kakanka. Kafin komai, yau ɗin nan ka fitar da su daga ƙarƙashin gado, ka jingine su a tsaye a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, kuma kada ka naɗe su a leda.

Ni a Zariya na karanci zane, kuma abin da nake so ka riƙe shi ne, zanen zamani na Najeriya yana da saiwa a ƙasarmu. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da suka dage a kai shi ne a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da abin da mutum ya gada a gida. Kai da ka zuba baba a kanbas, hanyarsu ka bi ba tare da ka sani ba. Sashen zane na jami'ar yana nan a Samaru, ɗaliban ajin ƙarshe kuma suna baje ayyukansu idan sun kammala. Daga Kano zuwa can tafiyar yini guda ce, ka je ka dawo. Ka je da hotunan aikinka a waya, ka gaida malamai, ka nuna musu. Ban taɓa ganin an kori wanda ya zo da aiki a hannu ba.

A ɓangaren gwamnati akwai hukumar zane-zane ta ƙasa, National Gallery of Art, da aka kafa a 1993. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa, inda hukumar tarihi da al'adu ta jiha take, da Gidan Makama. Ka shiga da ƙafarka ka tambayi yadda ake neman wurin baje koli. Sannan ka nemi gasar da ake kira Life In My City, wadda ake yi a Inugu tun 2007 domin matasa. Ana fara tace ayyuka ne a shiyya-shiyya kafin a kai waɗanda suka tsallake can, don haka ba sai ka fara da doguwar tafiya ba.

Batun rashin jami'a kuma ka cire shi a ranka. Ɗauko naira ashirin ka juya bayanta. Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane, a wurin gwaggonta ta koya kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja.

Maman Iman, Kaduna, ta amsa:

Ƙanena, duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma bari in gaya maka abin da ya fi yi mini aiki. Na gaji da jiran a kira ni, sai muka haɗu mu shida, mata huɗu maza biyu, muka roƙi wata makaranta mai zaman kanta ta ba mu zaurenta Asabar da Lahadi. Muka yi karo-karo muka sayi farin fenti muka shafe bangon da hannunmu, muka ɗauko janareta, kafinta ya buga mana firam da katako mai sauƙi. Iyayen yara suka cika wurin. Wata hajiya ta tsaya a gaban zanen da na yi na mai tallan fura kusan minti goma, ashe sana'ar mahaifiyarta ce a Kawo. Ta saya ba ta ko taya ba. Har gobe in na tuna fuskarta sai idona ya kawo ruwa.

Abu biyu na koya da wahala. Ka liƙa 'yar takarda a gefen kowane zane da sunansa da girmansa da kuɗinsa, saboda mutanenmu suna jin nauyin tambayar farashi, sai su yaba su wuce. Sannan kada ka bar aikinka a hannun kowa ba tare da rubutu ba. Na taɓa ba wani shago a Abuja zane biyu a kan amana, aka ce in an sayar za a kira ni, shekara uku ke nan babu zane babu kuɗi. Galari na gaskiya zai rubuta maka kason da zai ɗauka da ranar da za a dawo maka da abin da bai shiga ba.

Ka riƙa bibiyar bukukuwan littattafai ma. Na Kaduna da ake kira KABAFEST ya fara a 2017, na Hausa kuma, HIBAF, wanda ƙungiyar Open Arts ke shiryawa, ya fara a 2021. A irin waɗannan wurare ne za ka gamu da marubutan da ke neman wanda zai zana musu bangon littafi.

Gardi Mai Zayyana ya amsa:

Ni allon sauka nake yi wa zayyana, don haka masu sayenmu na san su. Da yawa a nan ba za su rataye fuskar mutum a falo ba, saboda abin da suka karanta game da hoton mai rai, kuma ya kamata ka girmama wannan. Amma suna son dagi, da ƙofofin gari, da rubutun aya. Naka hannu ne da rijiya da shuɗi, ina ganin zai shiga gidajen da wani zanen ba zai shiga ba. Kuma me zai hana ka fara da marinar kanta? Baƙi suna zuwa kallonta, marinan kuma su ne suka san kakanka.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Malam, na tsayar da su a kan benci tun jiya da daddare. Malam Gardi, maganarka ta hana ni barci. Da safe na ɗauki guda ɗaya na nufi Ƙofar Mata, na nuna wa wani dattijo da suka yi aiki tare da kakana. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan tabon da ke babban yatsan zanen ya kira sunan kakana. Ya ce zai yi wa shugabansu magana a ba ni gefen katanga ranar wata Asabar.

Anti Maman Iman, kafintan naku da wane katako ya yi firam ɗin, kuma kun sa gilashi ko haka kuka bar su? Wurin a fili yake, ga ƙura ga rana, kuma guda goma sha biyu nake so in fitar.