Kai yara wurin wasa da Sallah a Abuja: abin da aka ce a taƙaice

An tattauna a kan inda ya fi dacewa a kai yara wasa da Sallah a Abuja. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Baki ya zo ɗaya a kan cunkoso. Ranar Sallah da washegari Magicland, wato tsohon Wonderland na kusa da City Gate, ba masaka tsinke. An ce a bari sai kwana na uku, a je da hantsi, don bayan La'asar ne jama'a ke tuɗaɗowa.

2. A tambaya tun daga ƙofa ko kuɗin shiga ya haɗa da hawa lilo, a kuma yanke wa kowane yaro adadinsa tun daga gida.

3. A nan aka rabu. Masu samari da 'yammata sun zaɓi Magicland saboda motoci masu karo da lilon nan mai siffar jirgin ruwa da ke sa hantar cikin mutum ta kaɗa. Masu goyo da ƙanana sun fi son Millennium Park na Maitama, wanda aka buɗe a 2003: ga ciyawa, ga fili, a shimfiɗa tabarma a buɗe kular shinkafa, yara su yi ta guje-guje. Wasu sun ce yaron da ya ƙwallafa rai a lilo ba zai yarda da ciyawa ba. Ina bayansu.

4. Kada a hau lilo mai juyawa da cikakken ciki.

5. Iyaye mata sun nanata a saka wa yara anko, a rubuta lambar waya a sa musu a aljihu.

Batun zuwa da damina ba a tsaya a kan magana ɗaya ba.