Wace fulawa ce wannan?

Maman Hanifa: Salam jama'a, akwai wata fulawa a gidan da muka koma, ganyenta dogo siriri uku-uku a gaɓa ɗaya, furen ruwan hoda, ko da rani ba ta kaɗe ganye. Ina so in ƙara ta jikin katanga, ya ake yi?

Abu Sadik: Hajiya oliyanda ce. Ki yanko reshe kamar taƙi ɗaya ki sa a ruwa, in ya yi saiwa ki dasa inda rana ke bugawa sosai, tana jure fari.

Baban Gona: Don Allah a kula, guba ce daga ganye har fure, tana kashe akuya, hayaƙinta ma illa ne kar a ƙona. In da yara gara ki dasa lalle.

Maman Hanifa: Subhanallahi, awaki gare mu! Lallen zan sa.