Ƙwallon raga a kan yashi: su waye gwanayen?

Malamin Wasanni, Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a nan Zariya. Makon jiya tifa ta juye yashin gini a gefen filinmu, yaran suka cire takalma suka hau buga ƙwallon raga a kai. Na ce musu ai wannan wasa ne mai zaman kansa, mutum biyu-biyu, har a Olamfik ana yinsa. Sai wata mai bakin tsiya ta ce, "Malam, Zariyar da ba teku? Kuma wane uba zai bar 'yarsa ta sa waɗancan 'yan guntayen kayan da suke wasan da su?" Na tsaya ina sosa ƙeya. Suna ɗaya na riƙe, Karch Kiraly na Amurka, wanda ya ci zinare a na cikin ɗaki a 1984 da 1988, ya zo ya ci na yashi a Atlanta a 1996. Don Allah a taimaka min da sunayen da zan kai musu ranar Litinin, musamman mata.

'Yar Kongo:
Malam, ka fara musu da Doaa Elghobashy ta Masar. A Olamfik ɗin Rio, 2016, ta fito da hijabinta, riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, tare da Nada Meawad. Ba su ci lamba ba, amma duniya ta gani, kuma Doaa ta sake fitowa a Paris a 2024. Tun 2012 hukumar wasan ta sassauta dokar sutura. In kuma gwaninta zalla suke so, Misty May-Treanor da Kerri Walsh na Amurka ne. Zinare uku a jere, Athens 2004, Beijing 2008, Landan 2012, kuma sun taɓa cin wasa 112 ba a doke su ba. Kerri ma da ƙaramin ciki ta ci na Landan ɗin. Ni da nake haki in na hau benen ɗakin karatu!

Ɗan Samaru:
Zancen teku ba hujja ba ne, ranka ya daɗe. A Paris gindin hasumiyar Eiffel aka zuba yashi aka yi. 'Yan Sweden, Ahman da Hellvig, suka ɗauki zinaren maza, alhali ƙanƙara ce ke rufe ƙasarsu watanni. Kafin su kuma Mol da Sorum na Norway ne a Tokyo. Wanda ya fi burge ni shi ne lambar tagullar da Qatar ta ci a Tokyo: Cherif Younousse haifaffen Senegal, Ahmed Tijan haifaffen Gambiya. 'Yan uwanmu ne na yamma.

Baban Sabon Gari:
Yara, kun bar Brazil? Emanuel Rego ya ci kofin duniya sau uku, ga zinaren Olamfik na 2004. Amma Malam, fili mita 16 ne da 8, zurfin yashi santimita 40 aƙalla. Ka tambayi 'yan tifa kuɗin yashin kogin Galma tukuna.

Malamin Wasanni, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Hoton Doaa zan buga in liƙa a allo. Baba, yashin nan ma magina sun ce gobe za su kwashe abinsu.