Wanda ya taɓa ba kare ko mage antibayotik, ya zo mu ji

Ɗan Farauta: Assalamu alaikum jama'a. Karena ya daina cin abinci, jikinsa zafi rau, dasashinsa ya yi fari, ga kaska fal a kunnuwa. Abokan farauta kowa cewa yake in cusa masa kafson antibayotik ja-da-yalo a cikin tuwo. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya ba mu labari.

Mai Gadi: Wa alaikumus salam. Nawa haka ya yi, har da haɓo. A asibitin dabbobi aka ɗebi jininsa, likita ya ce cutar kaska ce, erlikiya. Aka ɗora shi a sikeli, aka rubuta doxycycline na kwana 28 cur. Tun ba a je ko'ina ba ya miƙe yana haushi, to a nan mutanenmu ke ajiye magani, cutar ta lafe a jiki, daga baya ta taso. Sai dai kada ka yanke cewa naka ma ita ce. Kaska tana kawo babesiya, wadda ba bakteriya ba ce, maganinta daban. Gwajin jini ne ke rarrabewa.

Uwar Mage: Ni muzuruna ne ya kwana faɗa, kuncinsa ya kumbura suntum. Likita ya tsaga wurin, mugunya ta fito mai wari, ya wanke, sannan ya ba mu amoxicillin mai haɗe da clavulanate. Ya ce haƙorin mage siriri ne, yana kai ƙwayoyin cuta can ciki, fata ta rufe a kai. In ba a fitar da mugunyar ba, magani kaɗai ba ya isa. Kuma don Allah ku ji tsoron Allah ku daina ba mage farasitamol, kashe ta yake yi.

Makiyayi: Ni dai allurar oxytetracycline ta shanu nake tsira wa karnukana, kuma suna tashi. Ba kowa ke da kuɗin gwaji ba, malam.

Mai Gadi: Gaskiya ne kuɗi ya yi wuya, amma da me kake auna ta? Sa da kare ba nauyinsu ɗaya ba.

Ɗalibar Likitanci: Baba Makiyayi, waɗanda ba su tashi ba su ake kawo mana. Na ga kwikwiyo mai amai da gudawar jini, an ɗura masa kafso iri-iri, ashe fabo ce. Bairos ce, antibayotik ba ya kashe ta. Ƙarin ruwa ne ke riƙe ransa, antibayotik kuma a ba shi don tare bakteriyar da ke ratsa hanjin da ya lalace. Masu mage kuma ku kiyayi antibayotik ɗin nan enrofloxacin: in ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana, yana iya makantar da ita.

Ɗan Farauta: Na gode ƙwarai. Gobe in sha Allahu zan kai shi a ɗebi jinin. To in an rubuta ƙwaya, yaya ake sa shi ya haɗiye? Tofarwa yake yi.

Ɗalibar Likitanci: Ka naɗe ta a cikin ɗan nama, Yaya. In doxycycline ce, da abinci za ka ba shi saboda amai, ka bi da ruwa kada ta maƙale a maƙoshi. Magungunan kaskar ma ka tambayi likitan tun kana can.